Fadikpe: Ranar Minna, Man Kaɗe da Fatar da Allah Ya Ba Ka

Idan tafiya ta kai ka Minna a watan Maris ko Afrilu, mai karatu, rana ce za ta fara yi maka sannu da zuwa tun kafin ka sauke jaka. Zafi yakan haura digiri 35 da tsakar rana, kwalta na huci, kowa na neman inuwar mangwaro. Ka tari keke napep ka ce a kai ka Fadikpe, unguwar da ke yammacin gari, maƙwabciyar Kpakungu da Dutsen Kura. Ka sauka a bakin titi, ka samu benci ka zauna, ka ba idonka abinci.

Abin da za ka fara lura da shi shi ne mutane kala-kala. Minna asalinta ƙasar Gwari ce. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, shi ya jawo mata Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, sannan ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Duk wannan tarihi yana nan a fuskokin masu wucewa. Ga Bagwariya da kayanta a kafaɗa, baƙa siɗik tana sheƙi. Ga Bafulatana mai tallan nono, ga Banufiya wankan tarwaɗa. Kowacce da launin da ta gada, kuma kowanne ya zauna daram a jikin mai shi.

Sai kuma wani launi da ba gado ba. Fuska ta yi jajir, amma gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da idon sawu sun yi baƙi ƙirin, wani lokaci har koren jijiya kake hangowa a damtse. Wannan aikin bilicin ne. Ba sai ka yi nisa ba za ka ga inda yake fitowa. A kantunan kayan kwalliya na unguwa, da rumfunan Kasuwar Kure, akwai mayuka jere a kanta kamar yadda suke a Kano da Kaduna. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ake kira haɗi: a zuba wannan, a matse wancan, a gauraya a roba marar suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa.

Matsalar ta game ƙasa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sauya launin fata. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi kasuwanni tana kwashe su.

Me ke cikin robar? Yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa uku, ko duka a haɗe. Akwai haidirokwinon, mai hana fata samar da sinadarin melanin, wato abin da ke ba ta duhu. Akwai magungunan siteroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa don ƙaiƙayi da kumburi na ɗan lokaci, amma aka mayar da su man shafawa na kullum. Akwai kuma makuri, guba mai ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, har ta isa ga ɗan da ke ciki ko wanda ke shan nono.

Yanzu ka sake ɗaga kai ka dubi ranar Fadikpe. Melanin ɗin da ake kashe kuɗi a kora shi ne laimar da fata ke fakewa a ciki daga wannan rana. Idan aka cire shi, fuska takan ƙone, kuma wadda ta daɗe tana shafa haidirokwinon takan wayi gari da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar gogewa. Siteroyid kuwa sirantar da fata yake yi, ya kawo nankarwa da ƙuraje, kuma idan ya yi yawa a jiki yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Damina a Minna doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga gumi ga laima, sai makero da kyasbi su samu gindin zama a fatar da ta yi rauni. Hunturu ya zo ya tarar da ita, ta dinga tsagewa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ranar da aka shiga da mace tiyatar haihuwa: fatar da ta sirance tana wahalar riƙe ɗinki, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Kafin ka ga laifin mai shafawa, ka saurari irin maganganun da ake yi a tsakar gida, a Fadikpe da ma unguwarku. Ranar suna ana leƙa kunnen jariri don a ga ko zai yi duhu. Samari na cewa fara ko mayya ce. Uwar gida ta ji an ce amarya fara ce, ta kwana ba ta runtsa ba. Yarinyar da ta tashi ana kiranta baƙa da sigar zagi, ba ta buƙatar mai talla ya lallashe ta. Har ta kai wasu iyaye na shafa wa ƙananan yara, alhali fatar yaro ta fi ta babba saurin zuƙar abin da aka ɗora mata. Maigida, kalmar da ka faɗa wa matarka ko 'yarka a kan launinta ta fi kowane talla nauyi.

Abin mamaki, jihar da kake zaune a cikinta ita ce kan gaba wajen kaɗanya a Najeriya. Ka fita bayan gari ta hanyar Bida za ka ga itatuwanta a gonaki. Mata ne ke tsinto 'ya'yan da damina, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugawa da ruwa har mai ya taso. Wannan man kaɗen ne kamfanonin Turai da Amurka ke sawa a mayuka masu tsada da cakulan. Darajarsa ta sa a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida. Man kaɗe ba ya sauya launi. Aikinsa ya riƙe danshi, ya tausasa kaushi da faso, ya sa fata ta yi sheƙi a launinta na asali. Mai fuska mai maiƙo dai ta rage shi a fuska, don yana iya tayar da ƙuraje.

Ke kuma 'yar'uwa da kika riga kika fara, ƙofa ba ta rufe ba. Ki ɗauki robar ko kwalbar ki tafi da ita wurin likita, a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko wanda ya fi kusa da ke. Wanda ke da siteroyid a hankali ake janye shi, domin yanke shi farat ɗaya yakan sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje, abin da ke mayar da mata da yawa ruwa. Fata za ta yi duhu na wasu watanni kafin ta daidaita, sai an yi haƙuri. A wannan lokaci ki riƙe sabulu marar zafi, ki shafa mai bayan wanka tun jiki da danshi, ki nemi man kariya daga rana, ki riƙa fita da laima. Mai ciki da mai shayarwa kuwa su hanzarta ganin likita, kada su jira.

Idan za ka bar Minna, bayan doyar da kowa ke saye, ka ƙara da curin man kaɗe a cikin tsaraba. Ka zaɓi mai launin madara ko ruwan ƙwai, mai ƙamshin gyaɗa-gyaɗa, wanda ke narkewa da ka murza shi a tafin hannu. In ka isa gida ka miƙa wa 'yarka da hannunka, ka gaya mata launinta ya yi mata kyau, tun kafin wani a waje ya gaya mata akasin haka.