Lambar da ke jikin injin Baba

Wata biyar bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙan shi, abu guda ya rage ba mu raba ba: tsohuwar Peugeot 404 da ke ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidanmu na Maraɗi. Kaji ne ke kwana ƙarƙashinta. Sai ga wani dillali daga Yamai, ya ce akwai mai tara tsoffin motoci da ke son ta. Tun 1975 aka daina ƙera irinta a Faransa, ga shi kuma sau huɗu 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, shi ya sa ake neman ta. Miliyan huɗu na sefa in injinta na asali ne. In an taɓa canza shi, rabi.

Mu tara ne magada, kuma kowa da ramin da yake son cikewa. Tunda ni ne mushe, aka ɗora mini binciken, sai ka ce a makarantar horon malamai an koya mana kanikanci.

Na ɗauko wani tsohon makaniki da ya yi zamani da Baba. Ya ce wuri uku za mu duba: kart giriz, da lambar da aka buga jikin motar a ƙarƙashin kapo, da wadda ke jikin injin ta hannun hagu, inda aka ɗaure shi. A 404, in ji shi, lamba guda ce masana'anta ke bugawa a mota da injinta. Biyun farko suka dace. Ta ukun tana ƙarƙashin baƙin mai da ƙurar shekaru. Ya wanke da gazuwal, ya goge da buroshin waya, sannan ya miƙo hannu: "Mushe, ba ka rasa alli a aljihu." Ya shafa allin, ya share da yatsa, farin ya zauna cikin ramukan lambobin. Na haska da salula, na karanta sau uku. Ko kusa.

Ƙanena ya ja ni gefe. "Yaya, akwai mai goge ta ya buga wata, jikka ashirin." Tsohon ya ji. Ya ce wanda ya san mota zai ga sawun zarto, zai ga wurin ya faɗa, lambobin kuma ba su tsaya a layi ba. Na san wannan aikin. Sau nawa yaro ya kawo mini takardar sakamako an mai da 3 ta koma 8, na gane tun daga nesa? Har uba na taɓa kira a kan haka, na yi mishi wa'azi mai tsawo. Amma daren nan ban yi barci ba, ina ta raba miliyan biyu a zuci, ina lissafin kuɗin makarantar ƴaƴana.

Da safe na tambayi Inna. Ta yi dariya, ta ce ai kowa ya sani, mu ne dai muna ƙanana. A 1984, shekarar El-Buhari, Baba ya yi ta jigilar hatsi zuwa ƙauyensu har injin ya ƙone a hanyar Dakoro. Iyakar Najeriya a rufe, kayan gyara daga Kano sun yi wuya. Awarwaronta da tumakinta huɗu ta sayar, aka ciro injin wata motar da ta yi hatsari.

"Kai ma a bayana kake ranar da ta sake tashi," in ji ta.

Na kira dillalin na faɗa mishi gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce miliyan ɗaya da rabi, har ƙasa da abin da ya faɗa da farko. Ƙanena sati biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna kuwa ta ce kafin a yi maganar gado a fara tantance mai injin, don ita ba ta tuna ranar da ta bai wa Baba shi kyauta ba.