Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Muka Gani a Sabon Birni da Isa

Sabon Birni da Isa maƙwabtan juna ne a gabashin Jihar Sakkwato, daf da iyakar Nijeriya da Nijar. Ƙasar Gobirawa ce, kuma a nan kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da mayaƙan jihadi suka ci a 1808. Yankin bai rasa gulabe ba. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk Rima suke zuba wa ruwa, ita kuma ta gangara zuwa madatsar Goronyo. Wanda ya ga fadamun nan cikin damina zai rantse ruwa ba ya cikin damuwar mutanen wurin. Amma ruwan gulbi daban, ruwan randa daban.

Mu ɗalibai biyar ne daga jami'a, muka yi amfani da hutun ƙarshen zango muka bi abokin karatunmu gida, muka kwana uku a Sabon Birni, biyu a Isa. Abin da ake kira famfo a unguwannin da muka zaga yawanci rijiyar burtsatse ce mai tanki a sama, wasu da inji, wasu da hasken rana, sai famfunan tuƙa-tuƙa. Bayan su akwai rijiyoyin gargajiya, da 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura, da ruwan leda ga mai hali. Tun da asuba layi yake kamawa. Ya kuma ƙara tsawo a 'yan shekarun nan, saboda mutanen ƙauyuka da hare-haren 'yan bindiga suka koro sun taru a cikin gari, alhali rijiyoyin ba su ƙaru daidai da bakunan da ke sha ba. Yara mata da yawa da muka tarar a layi sanye suke da kayan makaranta, ga rana ta riga ta ɗaga.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda matan gida suka raba ruwa kashi-kashi. A gidan da muka sauka akwai randar sha, akwai duron wanki, kuma ba daga wuri ɗaya ake cika su ba. Muka tambayi mahaifiyar abokinmu dalili. Ta ce, “'Ya'yana, ruwan burtsatsen ga shina cin sabulu. In kun dafa wake da shi sai kun ƙare itacenku bai nuna ba.” Ta ɗauko tukunyar da take dafa ruwan shayi ta nuna mana farin ɓawon da ya manne a gindinta. Game da sha kuwa, ta ce ruwan rijiyar bakin fadama ya fi daɗi, shi ya sa ake sayensa ko da ya fi tsada.

Duk abin da Inna ta lura da shi gaskiya ne, kuma ilimin kimiyya ya san dalilinsa. Ruwan sama ba ya ɗauke da ma'adinai sosai, shi ya sa yake kumfa da sabulu kaɗan. Idan ya nutse cikin ƙasa sai ya riƙa narkar da abin da ya ratsa, musamman sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Su ne suke kama sabulu su hana shi kumfa, su taurara fatar wake, su bar farin ɓawo a tukunya. Ƙasar Sakkwato kuwa hawa-hawa take. Akwai shimfiɗar yashi da tsakuwa da masana suka raɗa wa sunan Gundumi, wanda duk mai bin hanyar Isa ya san sunan. Akwai kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Ɗanɗanon ruwa ya danganta da shimfiɗar da aka haƙa aka tarar, don haka rijiyoyi biyu a gari ɗaya sai su sha bamban. Wata ta ba da ruwan zartsi, wata ta ba da ruwan da ke fitowa garau amma ya yi ja idan ya kwana, alamar sinadarin ƙarfe, wanda ke ɓata fararen kaya.

Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya, wanda hukumar SON ta fitar a 2007, ya sa iyakar waɗannan sinadarai masu hana kumfa a miligiram 150 cikin kowace lita. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki irin wannan ruwa a matsayin barazana ga lafiya ba. Ɓarnarsa a aljihu take, wajen sabulu da itace da bututun da ke toshewa.

Haɗarin gaske yana cikin ruwan da ba ya nuna komai. Rijiya marar zurfi a bakin fadama tana iya ba da ruwa mai sanyi da daɗi, amma ita ce ta fi kusa da masai da kashin dabbobi da takin zamani na gonaki. Idan ambaliya ta zo, duk wannan ƙazanta cikinta take gangarawa. Ƙwayar cutar kwalara ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. Akwai kuma sinadarin nitiret da ke tsatsafowa daga masai da taki, mai illa ga jarirai, wanda tafasa ruwa ba ta kawar da shi. Wato ruwan da Inna ta ware wa wanki yana iya fin na randarta aminci, in dai burtsatsen mai zurfi ne kuma bakinsa a rufe yake.

Da muka faɗa mata haka, sai ta yi dariya ta ce ai tana sa alif. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi fes, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba. Bayan an tace, sai an tafasa ko an sa kulorin bisa ƙa'ida. Randa ma tana son murfi da moɗa guda mai tsabta, domin ruwa mai kyau yakan lalace tsakanin famfo da baki.

A Isa wani dattijo ya nuna mana tabon kurkunu a ƙafarsa. Ya ce da can lokacin noma ne cutar take kwantar da magidanta. Yau yaran garin ba su san ta ba, domin tun 2013 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ita, kuma babban makamin da aka yi amfani da shi ƙyallen tace ruwa ne da wayar da kai gida-gida.

Ga ɗan aiki ga 'yan uwanmu ɗalibai na sakandare. Ku samo kwalabe biyu, ku zuba ruwan sama ko na leda a ɗaya, ruwan famfon unguwarku a ɗayar. Ku sa sabulun wanka daidai wa daida, ku girgiza, ku kwatanta kumfar. Sannan ku auna tazarar da ke tsakanin rijiyarku da masai mafi kusa. Masana na son kada ta gaza mita 30. Gwajin farko zai nuna muku abin da ke cin sabulun gidanku. Na biyu shi ne wanda ya kamata ku kai wa mai unguwa da ma'aikatan lafiya, ku roƙi a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaje-gwaje kafin damina ta kankama.