Abin da tseren motoci na Formula 1 ya koya min kafin in sake taɓa wayata

Yau ba "shiga nan, danna can" na zo muku da shi ba. Labarin tseren motoci zan ba ku, amma ku ɗan yi haƙuri da ni, sai na fara da wautar da na tafka.

Ana jajibirin wata sallah na ga an saki sabon tsarin waya na gwaji, irin wanda ake ba masu zumuɗi su ɗanɗana kafin a sake shi ga kowa. Waya ɗaya gare ni. Da ita nake karɓar kuɗin kwastomomi, a cikinta lambobin mutane suke, a cikinta hotunan aikin da zan miƙa suke. Ban ajiye kwafin komai ba. Na ɗora tsarin, na canza saitin batir, na goge wasu manhajoji da na ga kamar ba su da amfani, duk a dare ɗaya. Da safe manhajar banki ta ƙi buɗewa, waya ta riƙa zafi kamar dutsen guga. Kuɗin ɗinkin yara na ciki, tela na jira. Abin da ya fi ci min rai shi ne ban san wanne daga cikin abubuwa ukun da na yi ne ya jawo matsalar ba. Ƙarshe dai sai filashin aka yi, hotuna suka tafi. Garin neman gira na rasa ido.

Bayan nan ne na fara bibiyar Formula 1 a waya, da farko don gudun kawai. Da na nutsa sai na gane ainihin gasar ba ranar Lahadi ake yin ta ba. Ana yin ta ne tsakanin wannan tsere da na gaba, a masana'anta, inda injiniyoyi ke ƙoƙarin sauya motar ba tare da sun ɓata ta ba. Motar da ka gani a tseren farko na shekara ba ita ce za ka gani a na ƙarshe ba, ko da fenti da lamba ɗaya ne. Fukafukan gaba da na baya, ƙasan motar, hanyoyin da iska ke bi ta jikinta, duk ana ta sauya su. Kuma a wannan wasa, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a zagaye ɗaya kan iya raba wanda zai tashi a sahun gaba da wanda zai tashi a tsakiya.

To tambayar ita ce, ta yaya suke sanin sabon abu ya fi tsoho?

A da amsar mai sauƙi ce, idan kana da kuɗi. Ka ƙera abu, ka kai fili, direba ya yi ta zagaye tun safe har yamma. Ferrari na da filin gwajinta, Fiorano, dab da masana'antarta da ke Maranello a Italiya, ga kuma filin Mugello shi ma nata ne. Zamanin Michael Schumacher, za su iya ƙera abu yau, gobe ya hau titi. Manyan ƙungiyoyi har ma'aikata na daban suke da su waɗanda aikinsu gwaji kawai. Ƙananan kuwa sai kallo. A 2007 aka ƙayyade wa kowace ƙungiya kilomita 30,000 na gwaji a shekara. Ka duba fa, wannan shi ne bayan an rage.

Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 2008. A watan Disamba na shekarar kamfanin Honda ya tattara ya fice daga gasar. Hankalin kowa ya tashi, aka yarda cewa daga 2009 babu sauran gwaji a fili da zarar kakar tsere ta fara. Daga baya an ɗan sassauta a wasu shekaru, kamar gwajin Mugello na 2012 da 'yan kwanakin da aka ware bayan wasu tsere a 2014, amma wancan zamani na gwaji yadda ka ga dama bai dawo ba.

Don ka san darajar kilomita ɗaya a wajen mutanen nan, ga abin da ya faru a 2013. Bayan tseren Sifaniya a watan Mayu, Mercedes ta tsaya a filin Barcelona ta yi wa kamfanin taya na Pirelli gwajin kimanin kilomita 1,000 da motar da take gasa da ita a shekarar. Lewis Hamilton da Nico Rosberg ne suka tuƙa, sanye da hular kwano marar ado, ba irin tasu da aka sani ba. Da labari ya fasu a Monako, Red Bull da Ferrari suka kai ƙara. Kotun hukumar FIA ta zauna a watan Yuni, ta tsawatar wa Mercedes da Pirelli, ta kuma hana Mercedes shiga gwajin matasan direbobi na Silverstone. Mercedes ta ce taya aka gwada ba mota ba. Sauran suka ce ai mota ba ta yin kilomita dubu ba ka koyi komai ba.

Yanzu da aka rufe fili, ina suke gwajin? Wurare uku.

Na farko kwamfuta. Ana zana sabon ɓangaren, a sa manhaja ta lissafa yadda iska za ta bi ta kansa. Na biyu wani dogon ɗaki mai ƙatuwar fanka, mu kira shi ɗakin iska. A ciki ake ajiye ƙaramin samfurin motar, wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman ta gaske, a hura masa iskar da ba ta wuce gudun kilomita 180 a awa ba. Na uku na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda direba ke shiga kamar mai buga gem, sai dai ita tana motsi tana ba shi jin motar da ba a ƙera ba tukuna.

Su ma waɗannan ba a sake su haka ba. Tun 2021 akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe, an fara da dala miliyan 145. Lokacin ɗakin iska ma rabo ake yi, kuma a juye: daga 2022 wanda ya zo na ɗaya kashi 70 cikin 100 na ma'aunin yake samu, na ƙarshe kuma kashi 115. Da aka samu Red Bull ta ɗan haura iyakar kuɗin 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma yanke mata kashi 10 na lokacin gwajin iska. A gasar da kuɗi ke zuba kamar ruwa, ka ga an mai da lokacin gwaji abin horo.

Babbar damar da ta rage a kan titi na gaske idan kakar tsere ta fara ita ce atisayen ƙarshen makon tsere, sau uku, awa ɗaya-ɗaya. A makon da ake ƙaramin tsere ranar Asabar ma sau ɗaya ne kacal. Shi ya sa idan ka kalli atisayen Juma'a za ka ga abubuwan ban mamaki. Wata motar an shafa mata wani koren fenti mai ruwa-ruwa. Ba ado ba ne. Idan ta yi gudu iska za ta ja fentin, ya bushe, ya bar zane, injiniyoyi su ɗauki hoto su ga ko iskar ta bi inda kwamfuta ta ce za ta bi. Wata kuma za ka ga an ɗaura mata wani ƙarfe kamar ragar gasa nama a bayan taya, cike da ƙananan bututun awon iska. Duk tambaya ɗaya suke yi: abin da muka gani a ɗaki, shi ne ke faruwa a waje?

Wani lokacin amsar a'a ce, kuma a nan ake kuka.

Mercedes ta ci kofin ƙungiyoyi sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021. A 2022 doka ta sauya, aka koma motocin da ƙasansu ke tsotso su zuwa ga kwalta. Mercedes ta fito da mota mai siririn gefe wadda ba ta kama da ta kowa, lissafinsu ya nuna za ta yi abin mamaki. Da ta hau titi sai ta kama tsalle. Idan gudu ya yi yawa ƙasan motar ya matso kwalta sosai, iskar da ke bi ta ƙarƙashi ta yanke, motar ta ɗago, iska ta dawo, ta sake dannuwa, haka-haka ba tsayawa. Kusan duk ƙungiyoyi sun sha wannan, amma tasu ta fi tsanani. Ɗakin iska bai nuna musu yadda abin zai kai ba, don samfurin a riƙe yake, kuma iskar ba ta kai gudun motar gaske da ke haura kilomita 300 a awa ba. Wanda ya kalli tseren Baku na shekarar ya ga Hamilton yana fitowa daga mota da ƙyar, dafe da baya. Tsere ɗaya suka ci a 2022, George Russell a Barazil. A 2023 suka dawo da irin wannan siffa, sai a Monako suka haƙura suka sauya. Shekarar ko tsere ɗaya ba su ci ba. Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa kenan, lambobi suka gaya musu abu, titi ya ƙaryata, kuma suka daɗe kafin su yarda da titi.

Yanzu ga kishiyar labarin. McLaren ta fara 2023 a wahale, maki 17 kacal a tsere takwas na farko. A tseren Ostiriya suka kawo babban sauyi, amma motar Lando Norris kaɗai aka ɗora wa. Oscar Piastri ya ci gaba da tsohuwa. Kayan ba su isa mota biyu ba a lokacin, amma hakan ya ba su abin da kowane mai gwaji ke so: sabo da tsoho a fili ɗaya, rana ɗaya, yanayi ɗaya. Norris ya ƙare na huɗu. Mako guda bayan nan a Silverstone, da aka fara ɗora wa Piastri shi ma, Norris ya zo na biyu, Piastri na huɗu. Suka rufe shekara a matsayi na huɗu da maki 302. A Mayun 2024 suka kawo wani sauyin a Miami, Norris ya ci tserensa na farko a Formula 1, kuma a ƙarshen shekarar McLaren ta ɗauki kofin ƙungiyoyi, karon farko tun 1998. Abin da ya bambanta su ba yawan kaya ba ne. Duk abin da suka kawo fili yana yin abin da lissafi ya ce zai yi.

A wannan shekarar ta 2023 kuma Aston Martin ta yi akasin haka. Fernando Alonso ya hau mumbari sau shida a tsere takwas na farko, sai sauye-sauyen tsakiyar shekara suka ƙi ba da abin da aka zata, wasu suka wuce su, suka ƙare na biyar. Ferrari ma a 2024 ta kawo sabon ƙasan mota a Sifaniya, tsalle ya dawo, a Silverstone suka cire suka koma tsohon. Ni wannan komawar ta fi burge ni. An kashe kuɗi, an yi makonni ana aiki, amma da awo ya nuna babu riba sai aka ajiye girman kai. Kuma sun iya komawa ne don tsohon yana nan a ajiye, ba su jefar ba.

A nan na tuna daren jajibirin nan nawa. Duk abin da waɗannan mutane ke kiyayewa, ni na karya shi. Na gwada a kan waya ɗaya tilo da nake cin abinci da ita. Na canza abu uku lokaci guda, don haka ban san mai laifi ba. Ban auna komai kafin in fara ba, ballantana in kwatanta. Ban bar hanyar komawa ba. Kuma na zaɓi ranar tsere ta zama ranar gwaji.

Ga yadda nake yi yanzu, ko zai amfane ka. Tsarin gwaji ba ya hawa wayar da nake harka da ita, sai wata tsohuwa da na ajiye don haka. Idan sabuntawa ta gaske ta fito, wadda ta shafi tsaro ba na wasa da ita, ina ɗorawa. Amma babba mai sauya tsarin waya gaba ɗaya, nakan jira 'yan kwanaki in ji abin da masu irin wayata suka gani. Kafin in taɓa komai sai na kwafe lambobi da hotuna da hirarrakin WhatsApp. Ina ɗaukar hoton shafin batir kafin da bayan, don "ina jin kamar ta fi cin caji" ba awo ba ne. Abu ɗaya nake canzawa, in bar shi kwana biyu, sannan in taɓa na gaba. Kuma ba na yin ko ɗaya a daren tafiya, ko jarrabawa, ko ranar da nake jiran kuɗi.

Idan ka samu data wannan makon, nemi atisayen Juma'a na Formula 1 ka kalla, ko na minti biyar ne. Ka lura da motar da aka shafa wa koren fenti, ka kuma duba ko fukafukin direba ɗaya ya bambanta da na abokin ƙungiyarsa. In ka ga haka, gwaji suke yi a gabanka.

Kai fa, wace sabuntawa ce ta taɓa kwantar maka da waya, kuma yaya ka fita? Ku faɗa mana, wani zai tsira da labarinku. Allah Ya sa mu dace.