Tsawar da Ta Makara

A ƙungiyar wasan kwaikwayon unguwarmu a Kano, ni ne mai sauti. Ba don na fi kowa sanin aikin ba ne. Muryata ce ba ta kai ƙarshen zaure, in kuma na hau dandamali sai gwiwoyina su kama rawa. Da darakta ya gaji da ni, sai ya miƙo mini waya da lasifika ya ce, "To, kai ka riƙa yi mana carar zakara da ƙarar mota." Haka na sami gurbi. Kujerata tana gefe, bayan labule, inda 'yan kallo ba sa ganina. In an tashi ana tafa wa 'yan wasa, ni ina can ina naɗe kebur.

Wanda bai taɓa shiga cikin harkar ba zai ɗauka aikin ba shi da wuya: ɗan wasa ya faɗi wata magana, kai kuma ka danna. To, a wurin masu bin rubutu kalma da kalma haka abin yake. Mu ma muna da rubutattun wasanni, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, waɗanda aka karanta a makaranta. Amma ƙungiyoyin gari, waɗanda suka raini 'yan wasan rediyo da talabijin, suka kuma haifi finafinan Hausa tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, galibi ba haka suke aiki ba. A zauna a tsara labari, a raba fitowa, a san inda za a fara da inda za a tsaya. Abin da ke tsakani kuwa bakin ɗan wasa ne zai cike shi. Yau ya faɗi magana ta wannan hanya, gobe ta wata. Daɗin wasanmu ke nan, kuma nan ne ramin da mai sauti yake faɗawa.

Ni na faɗa nawa a 2016. An gayyace mu wani taro a babban zaure, wasanmu kuma a kan fari ne: ƙauye ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, matasa na ta guduwa birni. Wanda ya fito a matsayin tsohon manomin da ya ƙi barin gonarsa dattijo ne da muke ce wa Baba, wanda ya yi wasan rediyo tun ba a haife mu ba. Ya daɗe da ajiye harkar, da ƙyar aka lallashe shi ya dawo. A fitowa ta ƙarshe zai tsaya shi kaɗai a tsakiyar gona, ya ɗaga hannu, ya ce sama ba ta manta da ƙasa, sai tsawa ta amsa masa. A takardata na rubuta: "ƙasa, tsawa". Sau shida muka gwada, sau shida ta fito daidai.

Ranar wasa Baba ya shiga cikin abin har ya manta da mu. Ya yi maganar rumbun da ya bushe, ya yi maganar jikansa da ya tafi bai waiwayo ba, abubuwan da bai taɓa faɗa a gwaji ba. Zaure ya yi tsit. Ni kuwa kaina na sunkuye, idona a kan waya, kunnena na jiran kalmar "ƙasa". Ba ta zo ba. Ashe ya daɗe da ɗaga hannu yana jirana. Sai da darakta ya zungure ni da gwiwar hannu sannan na danna. Lasifikar ta Bluetooth ce, ta yi minti goma ba ta yi aiki ba, ta shiga barcinta. Kafin ta farka ta haɗiye kan tsawar, abin da ya fito ɗan gurnani ne kamar cikin mai jin yunwa. Ban gama jin kunyar wannan ba wayar ta zarce da kanta zuwa sautin da ke biye a jeri. Kukan jaki ne.

Zaure ya fashe da dariya. Baba ya sauke hannu a hankali, ya dubi sama, ya ce, "Mun roƙi ruwa, an aiko mana da mai ɗaukar kaya. To, Allah Ya sa alamar amfanin gona ce." Aka ƙara fashewa, aka yi ta tafi. Ya ceci kansa, amma wasan ya riga ya mutu. Mutanen da muka so su koma gida da nauyi a zuciya, da labarin jaki suka koma. Baba bai sake hawa dandamali ba bayan wannan rana, ba don fushi ba, jiki ne ya ƙi. Ke nan fitowarsa ta ƙarshe ita ce wadda na ɓata.

Na same shi a bayan labule yana goge garin da aka shafa masa a gemu. Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni. Lasifikar ce."

Bai ko dubi lasifikar ba. Ya ce, "Ɗana, lokacin da na ɗaga hannu, ina idonka yake?"

Na ce, "A kan waya, Baba."

Ya ce, "Ka taɓa zuwa gidan dambe? Ka taɓa ganin mai kalangu yana kallon kalangunsa? Hannunsa ya san inda fata take. Idonsa na kan ɗan dambe."

Na daɗe ina juya maganar nan. Da na natsu sai na ga laifin kashi biyu ne, kuma dukansu nawa ne. Na farko, na ɗaure sautina a jikin kalma, alhali ina aiki da mutanen da ba sa maimaita kalma. Na biyu, na zaɓi kayan aikin da dole sai na zuba musu ido, don ban yarda da su ba.

Na fara da gyaran kaya. Na rabu da Bluetooth na koma kebur, don ko lasifikar ba ta yi barci ba, sauti ta wannan hanya yakan yi jinkirin da ya kai kashi 1 cikin 5 na sakan, wani lokaci ya fi. A waƙa ba ka jin wannan, amma a mari ko harbin bindiga ko rufe ƙofa, hannu ya riga ya sauka kafin ƙara ta fito, yaro ma sai ya gane. Na ɗauki kowane sauti na sa a manhajar Audacity na yanke shirun da ke gabansa, yadda da an taɓa zai fito. Na ajiye su a WAV maimakon MP3, don MP3 na ƙara ɗan shiru a farkon fayil. Na sa wa kowanne lamba, 01, 02, 03, bisa jerin fitowa. Na kashe zarcewa zuwa sauti na gaba. Wayar aiki na cire mata sim, kada kira ya shigo ana tsakiyar makoki. Na tanadi waya ta biyu da sautukan iri ɗaya, cike da caji, a kan cinyata. Ƙarfin kowane sauti kuma a cikin zauren nake daidaita shi, ina tuna cewa in mutane sun cika, jikinsu da tufafinsu za su shanye wani abu daga ciki.

Daga baya na ga yadda manyan gidajen wasa na Turai da Amurka suke yi. Da yawansu suna aiki da manhajar QLab a kwamfutar Mac: a jera sautuka bi da bi, maɓalli ɗaya ake dannawa, in an saki wannan sai na gaba ya tsaya yana jira. Akwai kuma mai kula da dandamali da yake kira sau biyu, na farko a shirya, na biyu a saki. Na aro wannan, nakan ce wa kaina a zuci, "Shirya," yatsa ya sauka kusa da wurin, sannan "Saki." Abin da na lura da shi shi ne, duk tsadar kayansu manufa ɗaya ce: a 'yantar da idon mai sauti ya koma kan ɗan wasa. Maganar Baba ce dai, da kuɗi masu yawa.

Tsawa ma ba ni ta fara ba wa wahala ba. Ana ba da labarin wani marubuci a Landan, John Dennis, wanda ya ƙirƙiro dabarar yin tsawa don wasansa a gidan wasa na Drury Lane a 1709. Wasan bai karɓu ba aka janye shi, sai ga shi ya je kallon Macbeth ya ji tsawarsa tana tashi, ya miƙe yana faɗa an ƙi wasansa an sace tsawarsa. Shekaru aru-aru kuma da faifan ƙarfe ake yin ta, mutum ya riƙe ya girgiza. Na gwada da guntun kwanon rufi, na tarar ya fi wayata biyayya. Ba ya barci, ba ya zarcewa, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Tun daga nan duk sautin da wasa ba zai rayu ba sai da shi, nakan tanadi hanyar yin sa da hannu: ƙoƙo biyu don kofaton doki, tsakuwa a faranti don ruwan sama, katako biyu don harbi.

Gyara na biyu ya fi wuya, don da mutane ake yin sa. Na daina tambayar ɗan wasa, "Me za ka ce?" Na koma tambayar, "Me za ka yi?" Baki yana canzawa, amma wanda zai fita dole ya kama ƙofa, wanda zai yi addu'a dole ya ɗaga hannu. Sai takardata ta koma "ya cire hula", "ta ajiye tulu", "ya juya baya". Mu yi alkawari da ɗan wasa: faɗi duk abin da ya zo bakinka, amma kada ka taɓa hular nan sai ka shirya jin ƙarar.

Neman abinci ya raba ni da ƙungiyar. Na bi hanyar Agadas na shigo Libiya, yanzu ina aikin gona a Wadi Bawanis, kwarin da ke arewa maso gabas da Sabha, inda garuruwan Tamanhint da Samnu suke. Dabino da ban ruwa da gyaran famfo, aikin ke nan. Mu Hausawa muna da dama a gonakin nan, daga Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Katsina. Na ɗauka ni da wasan kwaikwayo mun yi sallama.

Da Babbar Sallah ta zo, ba mai zuwa gida, sai wani abokin aikinmu ya ce mu yi wasa ko ma rage kewa. Muka share fili a bayan ɗakunanmu, muka rataya bargo biyu a igiya. Labarin na wani saurayi ne da ya shekara biyu a nan bai tara komai ba, ya daina ɗaukar wayar mahaifiyarsa don kunya, ya yanke shawarar wucewa arewa ya hau teku. Sauti uku kawai wasan yake da su: iska, ƙarar motar da za ta ɗauke shi, da ƙarar waya. Iskar da buhu na yi ta, ina goga shi a jikin tabarma. Wani ya ce a kira wayar yaron da gaske mana. Na ƙi, don sabis a gona ba shi da alkawari, kira na iya shiga bayan sakan 2 ko bayan sakan 20. Na ja kebur ta ƙarƙashin yashi, na ɓoye ƙaramar lasifika mai batir a cikin jakarsa, yadda ƙarar za ta fito daga inda ya kamata. Wuta ta ɗauke kafin mu fara, kamar yadda ta saba a kudancin nan, aka haska mana da fitilar mota.

Wanda ya fito a saurayin ƙaramin cikinmu ne, bai kai shekara 20 ba. Na ce masa, "Ƙanena, in ka ɗauki jakar nan wayar za ta yi ƙara. Kada ka taɓa ta sai ka gama." Ya ce, "To, Yaya."

Da ya zo wurin sai ya saki labarin da muka tsara ya kama nasa. Ya ambaci akuyar da aka sayar aka yi masa kuɗin mota, ya ambaci ƙanwarsa da aka ɗaga aurenta ana jiran sa. Muryarsa ta karye. Ya miƙa hannu ya kama jakar, alamarmu ke nan, yatsana na kan wurin. Amma na ga kafaɗarsa tana rawa, bai gama ba. Na jira. Ya ja numfashi, ya sauke, ya ɗaga jakar zuwa kafaɗa. Na saki.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Mutum wajen 40 a zaune a yashi, ba wanda ya yi tari. Na ga wani dattijo ɗan Tasawa ya kai hannu aljihunsa, ya ɗauka tasa ce. Yaron ya ajiye jakar, ya lalubo wayar, ya ce, "Inna." Daidai nan na yanke ƙarar.

Ba a yi tafi sosai ba. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka nufi tudun da ke bayan rijiya, inda sabis ya fi kamawa. Ni na tsaya na tono kebur ɗina daga yashi, na naɗe shi, na sa a jaka. Sannan na mayar da sim a wayata na bi bayansu.