Muda Lawal, Kasuwar da Ta Ci Sunan Mutumin Badun

A nan Sabo, in ka ambaci Muda Lawal a majalisar dattawa, zancen ƙwallo za a ɗauko maka. Wani ya ce ya gan shi da idonsa a filin Liberty, wani ya ce ai har hannu sun taɓa yi a Mokola. A Bauchi kuwa, in ka ce Muda Lawal, tumatir kake nufi da doya da lemo da ihun 'yan dako. Kasuwa ce, kuma a cikinta na yi wayo. A wurinmu yara sunan wuri ne kawai, kamar ka ce Wunti ko Jahun. Sai dai ka ji Inna tana cewa, "Maza je Muda Lawal ka sayo min attaruhu, kar kuma ka tsaya kallon faɗan 'yan kamasho."

Baba dillalin kayan gwari ne. Duk ranar da babu makaranta, da an sallame asuba zai tashe ni, in bi shi riƙe da tabarma da buta. Kafin gari ya waye sosai motoci sun riga sun jeru. Ga masu lemo daga ƙasar Tibi, ga masu doya daga wajen Lafiya, ga dankalin Turawa da kabeji da karas daga Filato, har da sanyin Jos a jikin buhunan. Ƙananan a-kori-kura kuma su ne na ƙauyukanmu, Liman Katagum da Durum da Dass da Nabardo, kowace ta sha kaya har tana tafiya a karkace, manomi yana zaune a kan kwandunansa kamar mai gadin amarya.

Aikina bai wuce tsaron kwando ba, da aike wurin mai shayi. Amma a nan na koyi ciniki tun ban iya lissafin boko ba. Baba ba ya ɗaga murya. Mai saye ya taya, ya girgiza kai ya ce "albarka". A ƙara, ya dubi mai kaya, mai kaya ya dubi ƙasa, Baba ya sake cewa "albarka". Sai an kai inda ya san manomin nan zai biya kuɗin mota ya koma gida da abin cefane, sannan ya ce "an sallama", ya cire la'adarsa a gaban kowa. Ya kan ce min tumatir ba ya jiran mai taurin kai, in rana ta take ba ka sayar ba, kai za ka roƙi mai saye. Abin da ya lalace kuma ba a zubarwa. Akwai mata masu jiran ɓaragurbin tumatir da araha, su yanka su shanya, ya zama kauɗar da za a yi miya da ita lokacin bazara.

Goggo tana da kaskon masa a bakin tasha. Wanda bai ci masar Bauchi da zafinta ba, da miyar taushe ko da ƙuli da yaji, to, kada ya yi min gardama, ban da lokacinsa. Na ci masa a Kano, na ci a Shasha, na ci a Agege. Duk waina ce.

Abin da ya fi zama min a kunne shi ne harsuna. A layi ɗaya za ka ji Jaranci, ka ji Fulatanci daga masu nono, ka ji Sayanci daga mutanen Tafawa Balewa da Bogoro, ga Tibi, ga Ibo masu kayan masarufi, ga Yarbawa masu manja da goro. In ciniki ya zo kuma kowa ya dawo Hausa, irin tamu ta Bausawa, wadda za ka ji an ce "ya sayi riga wa yaro". Da na zo Kurmi Kanawa da Sakkwatawa suka yi ta yi min dariya a kan wannan, har yau ban daina ba.

Tarihin gari a bakin Kawu na ji shi, wan Baba, wanda ya tsufa ya bar dako ya koma zaman rumfa. Shi ne ya nuna min cewa ƙofofin Bauchi littafi ne ga mai son karatu, don yawancinsu sunan inda hanyar ta nufa suke ɗauke da shi. Ƙofar Tirwun tana kallon Tirwun, ƙauyen da aka haifi Malam Yakubu. Ƙofar Inkil tana kallon Inkil, inda ya zauna da jama'arsa kafin ya kafa birnin. Ga Ƙofar Ran, ga Ƙofar Dumi, ga Wunti, ga Jahun, ga Wase, ga Nasarawo. Yakubu Bageri ne, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a cikin manyan masu tuta shi ne wanda ba Bafulatani ba. A 1809 ya kafa garin, a wurin da aka ce wani maharbi mai suna Baushe ya nuna masa, ya yi sarauta har ya rasu a 1845. Kawu ya kan tsaya a nan ya ce, "Ka ji ko? Sarki ya gina gari, amma sunan maharbi aka sa."

Sauran labarin da sauri yake ba da shi. Turawa sun shigo a 1902. Jirgin ƙasa ya iso a 1961. A 1976 Janar Murtala ya ba Bauchi jiha, ma'aikata da 'yan kwangila suka cika gari, ganuwa ta kasa ɗaukar mutane, unguwanni da kasuwanni suka tsallaka waje. Wurin da yake daɗewa shi ne ranar 22 ga Maris, 1980, ranar da suka taru a kan rediyo ɗaya suna jin wasan ƙarshe na cin kofin Afirka daga Legas. Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ta ukun, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofi. Kawu bai taɓa buga ko da ƙwallon tsumma ba, amma in ya zo nan sai ya miƙe ya nuna yadda aka zura ta, alhali a rediyo ya ji.

Sai da na biyo motar albasa na sauka a Badun na san mutumin sosai, a bakinku. Mudashiru Babatunde Lawal, haifaffen Abekuta a 1954, bakanike ne kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Yana cikin 'yan IICC Shooting Stars da suka ci kofin Afirka na zakarun kofuna a 1976, karo na farko da wani kulob na Najeriya ya ɗauko kofin nahiya. Ya buga gasar cin kofin Afirka sau biyar a jere, daga 1976 zuwa 1984. A nan garin ya rasu a watan Yuli na 1991, yana da shekara 37. Allah Ya jiƙansa. Kulob ɗinsa ga shi nan a Adamasingba, in an ci ƙwallo muna jin ihun daga ƙofar gida. Wato Bayarabe yana da kasuwa sukutum a garin Yakubu, mu kuma muna da unguwa a garin Olubadan tun 1916.

Ba ina cewa Bauchi aljanna ba ce. A shekarar da Muda ya rasu, a watan Afrilu, rikici ya tashi a Tafawa Balewa ya shigo har cikin gari, an yi asarar rayuka, na kuma tuna kwanakin da Baba ya hana kowa fita. Mu ma nan mun ga namu a Shasha a Fabrairun 2021, kuma akwai masu karanta wannan da rumfarsu ta ƙone a ranar. Amma dukkan rikicin nan bai sa an canja wa kasuwar suna ba, kamar yadda motocin gwari ba su daina gangarowa Kurmi ba, na goro ba su daina hawa Arewa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne yaranmu. An haife su a Sabo, iyayen wasunsu ma a nan aka haife su. In za su cika takardar makaranta ko ta neman aiki a tambaye su jihar asali, sai su rubuta Bauchi ko Kano ko Sakkwato, garin da ba su san ko ƙofa ɗaya tasa ba. A nan a ce musu 'yan Arewa, in sun je can a ce musu 'yan Kurmi. Na taɓa tambayar wasu samari a bakin masallaci, duk 'yan asalin Bauchi, su faɗa min sunan ƙauyen kakanninsu. Ɗaya ne ya iya, shi ma don kakarsa tana raye ne. Laifin ba nasu ba ne. Mu ne in mun zauna hira sai farashin buhu da kuɗin mota, labarin gida kuwa mun bar shi sai ranar ta'aziyya. Kuma ƙauyukan ba jiranmu suke ba. Tirwun da Inkil da muke gani da nisa, yanzu gine-gine sun haɗe su da gari, gonakin da muke satar mangwaro sun zama filoti.

Da babbar Sallar bara na ɗauki babban ɗana muka je. Mun ga hawan Sarki, mun ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Balewa, na zaga da shi abin da ya rage na ganuwa ina faɗa masa sunayen ƙofofi, yana rubutawa a waya. Washegari muka shiga Muda Lawal. Ta cika ta batse, Keke Napep ya maye gurbin mai baro a wurare da yawa, inda kaskon Goggo yake yanzu mai cajin waya ne. A layin 'yan gwari na sami mutum biyu da suka san Baba, ɗaya ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Na ba yaron kuɗi na ce ya sayo tattasai da kansa. Ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Da aka zuba masa a leda sai ya tsaya ya ce, "Baba, jara fa?" Mai tattasai ya dube shi ya dube ni ya fashe da dariya, ya ce, "Wannan ɗan Kurmi ne ko? Gyara ake cewa, yaro. Tamu ce suka ara." Ya ƙara masa guda uku, ya ce a gaida mutanen Badun.