Daga Yamai zuwa Damagaram da ƙafa mai ciwo



Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kilomita kusan 900, kuma duk wanda ya saba bin hanyar ya san cewa motar da ta tashi kafin asuba ba ta isa sai bayan isha'i. A da, da sunayen garuruwa nake lissafin wannan hanya: Dosso, Dogondutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, sai gida. Yanzu kuwa da awowin zama nake lissafinta, domin ni mace ce da jini ya daskare mata a jijiya har sau uku.

Na farko ya same ni a shekarar 2006, ina cikin jegon autana. Ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga idon sawu har cinya, ta yi zafi, ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ni. Hoton jijiya da aka yi a asibiti shi ya nuna gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Daga baya na fahimci cewa makonni shida na bayan haihuwa, wato kusan arba'in ɗinmu, lokaci ne da jinin mace yake saurin daskarewa. Na sha magani wata shida aka ce in daina. Na biyu kuwa wannan hanya ce ta jawo mini shi, a 2011. Na zauna a kujerar lungu tun daga Yamai, ban sauka ba sai sau biyu, ban kuma sha ruwan kirki ba. Kwana biyu da isata Damagaram numfashina ya soma sarƙewa, ƙirjina yana suka. Gudan jinin ne ya ɓalle daga ƙafa, ya bi ta zuciya, ya je ya maƙale a huhu. Allah ya yi da sauran kwana. Na uku laifina ne: a 2016 na ga lafiya ta samu, na yi sakaci da magani, ciwo ya dawo. Likita ya gaya mini cewa cikin mutum uku da suka taɓa yin wannan cuta, kusan ɗaya takan dawo masa kafin shekara 10, ni kuwa magani ya zama abokin zamana har ƙarshen rayuwa.

Tafiyar da zan ba ku labarinta ta watan Disamba ce, shekarar 2019, lokacin da na je duba mahaifiyata.

Shirin ya fara mako guda kafin ranar. Maganin da nake sha, Sintrom, yana rage ƙarfin daskarewar jini, sai dai ba a shansa da ka. Akwai gwajin da ake kira INR, wanda ake so nawa ya tsaya tsakanin 2 da 3: in ya sauka, jini na iya sake yin guda, in ya hau, ƙaramin rauni ma sai ya ƙi tsayawa da zuba. Na je aka gwada, na sayi ƙwayoyin da za su ishe ni har da ƙari, na sa takardar likita a jakar hannu. A tasha na roƙi mai yanka tikiti ya ba ni kujerar bakin hanya, inda zan iya miƙe ƙafa. Kafin in sauko daga gado da dare na sa doguwar safar nan mai matse ƙwauri, domin in ƙafa ta riga ta kumbura ba ta shiguwa.

Mun bar Yamai cikin duhu da sanyin hunturu. Wajen Kure, inda raƙuman dawa suke kiwo, gari bai gama wayewa ba, don haka ban ga ko ɗaya ba. Abin da na gani bayan haske ya fito shi ne layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Dosso daga 2014, yana bin gefen kwalta, yashi yana cin sa. Na ce a raina, da jirgin ƙasa ne, ai da mutum ya tashi ya zaga cikin tarago yadda yake so.

Ga dalilin da ya sa zama yake da haɗari. Jinin da ya sauka ƙafa ba zuciya kaɗai ke dawo da shi sama ba. Tsokar sha-raɓa ce take matsa jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka, kamar yadda ake matsa salka ruwa ya fito. In an zauna gwiwa a lanƙwashe, tsoka ta yi barci, jini ya kwanta, kwantaccen jini kuwa shi ke yin guda. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya yi bincike a kan wannan tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiran dalilai uku na cutar: jinkirin gudun jini, rauni a bangon jijiya, da jinin da ke saurin kamawa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, a jirgin sama ne ko a mota. Ga mai lafiya abin kaɗan ne, kamar mutum ɗaya cikin 6,000. Ga irina kuwa, wadda jijiyarta ta riga ta yi tabo, lissafin daban ne, kuma tafiyarmu ta fi awa huɗu sau uku.

Saboda haka ba na raina kowace tsayawa. Shingen jandarma da ke sa fasinjoji tsaki, ni dama ce a gare ni. A Dosso na sauka, a Dogondutsi ma, ƙarƙashin dutsen da garin ya samo sunansa, na zaga motar sau uku ina taku da ƙarfi, har yaron mota ya ce, "Hajiya, wani abu kika yar?" Na ce masa, "A'a ɗana, ƙafa nake ba hakkinta." Tsayawar salla ta fi kowace amfani gare ni, domin akwai tafiya zuwa wurin alwala, ga tsayuwa da ruku'u da sujada. A cikin mota kuwa, kowane rabin awa nakan ɗaga yatsun ƙafa sama in sauke, in ɗaga diddige in sauke, sau ashirin ko talatin.

Kusa da ni wata yarinya ce da jariri, ta gama wankan jego a gidan iyayenta za ta koma ɗakinta a Tasawa. Tun safe ban ga ta kai ruwa baki ba. Na miƙa mata gorata, ta ce, "Inna, na gode, ina tsoron fitsari ne." Wannan magana ta sosa mini rai, don ita ce maganar da na yi a 2011. Mu mata mun saba ƙin shan ruwa a hanya saboda yawancin wuraren tsayawa ba su da makewayi mai sutura, maza su juya baya su tsuguna, mu kuwa mu daure. Ga ta mai shayarwa, ga ta sabuwar haihuwa, ga zaman yini guda. Na ce mata ta sha, in mun isa Ƙonni ni zan raka ta in riƙe mata zane. Ta sha. Na kuma gaya mata alamomin da ba a jira da su: ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar ƴar'uwarta, ta yi zafi ko ciwo a sha-raɓa; numfashi ya yi gajarta ba dalili; suka a ƙirji; tari da jini. Duk wanda ya ga haka, asibiti a ranar, kuma kada a yarda kowa ya murza ƙafar.

A Ƙonni, dab da iyakar Nijeriya, aka tsaya cin abinci. Nan ma akwai lissafi. Ganyaye irin su zogale, alayyafo da kabeji suna da bitamin K, wanda yake rage ƙarfin maganina. Ba a hana ni ci ba, an dai ce in riƙa ci daidai gwargwado kullum, kada in yi mako ban taɓa ba sannan in share kwanon dambun zogale rana ɗaya. Na ci shinkafa. Wani dattijo da ya lura da safata ya matso ya ce, "Hajiya, ai mataccen jini ƙaho ne maganinsa, ki nemi wanzami." Na yi masa godiya, don da alheri ya faɗa. Amma gudan yana can cikin jijiya mai zurfi inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma tsaga a jikin mai shan maganin tsinka jini neman fitina ne. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla ke miƙowa ta taga, aspirin da ibuprofen da diclofenac, ba na kusantarsu, domin haɗuwarsu da maganina tana iya sa jini zuba a ciki. Akwai sababbin magunguna, irin su Xarelto da Eliquis, waɗanda ba sa bukatar gwajin INR kuma ba ruwansu da ganye, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna.

Daga nan hanya ta miƙe: buhunan albasa a Galmi, tabarmi a Madawa, kilishi ta kowace taga. Mun yi la'asar a Maraɗi. A lokacin ƙafar ta soma nauyin da na sani, wanda ba sabon guda ba ne, tabon tsofaffin ne da suka lalata ƙofofin cikin jijiya, shi ya sa fatar idon sawuna ta yi duhu tun shekaru. Koyon bambanta wannan nauyi na kullum da sabon ciwo ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, kuma har yau in na yi shakka nakan je a duba.

Yarinyar ta sauka a Tasawa da magariba, gorar ruwana a hannunta. Ƙarfe takwas, muna kusa da Takeita, wayata ta yi ƙara, na haɗiyi ƙwayata cikin duhu, don ba ta son a saɓa mata lokaci. Ba da jimawa ba fitilun Damagaram suka bayyana tsakanin duwatsu, garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926. Na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida tana jira. Bayan gaisuwa, kafin tuwo, ta sa jikarta ta ɗauko matasai biyu, ta ce, "Ɗora ƙafar tukuna, ki cire safar in gani." Ta gwada ta hagu da ta dama da tafin hannunta, sannan ta ce a zubo mini abinci.