Maganar Da Ya Kamata A Faɗa A Ƙofar Gida

Idan hunturu ya kama, iska ta busar da zana da jinka, ba mu rasa jin kururuwar gobara a garuruwanmu. Wanda ya ji kuwa ba ya tsayawa tambaya. Mai tulu ya ɗauki tulu, mai bokiti ya ɗauki bokiti, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso, in garin yana da ita. Amma akwai magana guda wadda mai gida kaɗai ya sani, sau da yawa kuwa ita yakan haɗiye, watau cewa akwai albarushi ko harsashi a ɗaka.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san inda maharbi kan ajiye kayansa. Bindiga tana rataye a bango, yawanci a ɗure. Albarushi kuwa yana cikin gora ko gwangwani mai murfi, an soke shi cikin jinka don kada yara su kai gare shi, kada kuma laima ta taɓa shi. Nan ne kuwa wuta takan fara ci.

Kayan nan haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Harsashin da ke zube cikin kwali, in ya ji wuta yakan fashe da ƙara, ya watsa gutsattsarin kwanso, amma da yake ba ya cikin bindiga, ƙarfinsa ba ya kai shi nesa. Ido da fuska ake ji wa tsoro. Ɗurarriyar bindiga kuwa, zafi kaɗai ya isa ya tashe ta, ta harbi duk inda bakinta ya fuskanta, alhali ba wanda ya taɓa kunamarta. Albarushin da aka toshe cikin gwangwani shi ya fi muni, gama tashi ɗaya yakan yi, gwangwanin kansa ya zama makami.

To, me ke sa mai gida shiru? Tsoron hukuma ne, don bindigarsa ba ta da lasisi. Mun gane tsoron, amma ba mu ga ya isa hujja ba, tun da wanda ya kutsa cikin hayaƙi ba abin da ya kawo shi sai ceton dukiyar wani. Ran 4 ga Agusta, 2020, aka kira 'yan kwana-kwana zuwa wani sito a tashar jiragen ruwa ta Bairut, ba a gaya musu irin kayan da ke jibge ciki ba. Su goma suka tafi, ba wanda ya komo. Gidan maharbi bai kai wannan girma ba, amma shirun iri ɗaya ne.

Abin da za a faɗa kuwa kaɗan ne, tun a ƙofar zaure: mene ne, nawa ne, a wane ɗaki, ɗurarriya ce ko wofi. Da jin haka shugabansu zai mai da 'yan kallo baya, ya sa a zuba ruwa daga bayan katanga. Saura gidan da wuta ta tashi mai shi yana daji. Maza da yawa ba su gaya wa iyalinsu inda suka ɓoye albarushi, ga shi kuwa da rana uwargida ce ke gida, ita za a tambaya. Ya kamata ta sani tun kafin hunturu, ita da babban ɗa.